SUNA LINZAMI: TARIHIN RAƊA WA ƘUNGIYOYIN WASAN KWAIKWAYO SUNA, DAGA KANO ZUWA KULUNGUGU



Bayan Sallar da ta wuce wasu samari na garin nan suka same ni da wata magana. Sun shekara biyu suna haɗa 'yan wasanni a bukukuwan aure da na saukar karatu, jama'a kuma sun fara nemansu. Yanzu suna so su zama ƙungiya sosai, su yi rajista, su buga takardar gayyata. Komai ya daidaita sai abu ɗaya, wato suna. Wani yana son sunan Turanci mai taurari a ciki, don a ɗauke su da muhimmanci a Ankara. Wani ya ce a sa sunan gari. Na uku ya ce dole kalmar Hausa ta fito ɓaro-ɓaro, don a san masu abu. Gardama ta yi zafi har biyu daga cikinsu suka daina zuwa gwaji.

Na ce musu wannan gardama ta girme su, ta girme ni. Waɗanda suka riga mu a wannan sana'a, a Kano da Sekondi da Legon, duk sun zauna irin wannan zama, kuma abin da suka zaɓa ya bi su har ƙarshe. Don haka na yi musu alkawarin zan tattaro abin da na sani, in shimfiɗa shi a nan, kowa ya gani.

ME YA SA BAHAUSHE BA YA WASA DA SUNA

Bahaushe ya ce suna linzami ne. Doki duk ƙarfinsa, inda linzami ya juya nan yake bi. Shi ya sa ba a raɗa wa jariri suna a tsaye. Ana jira sai kwana bakwai, a tara malamai da dangi da asuba, a raba goro, a yanka rago, sannan a faɗa. Bayan sunan yanka kuma akwai na gida, wanda yake ɗauke da labarin yadda yaro ya zo. Tanko ya biyo bayan mata, Gambo ya biyo bayan tagwaye, Auta ya rufe ƙofa. Ladi da Talatu da Jummai da Ɗan'asabe kuwa rana ce ta ba su. Maƙwabtanmu Tonawa, wato mutanen Asante, su ma haka suke yi: Kofi ɗan Juma'a ne, Kwame kuma shi ne Ɗan'asabenmu.

Addini ya ƙara wa wannan al'ada nauyi. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan canja wa mutane munanan sunaye. Malamai suna kawo labarin kakan Sa'idu ɗan Musayyib, mai suna Haznu, wanda ma'anarsa ta shafi tsanani da kaushi. Aka ba shi Sahlu, mai ma'anar sauƙi, ya ce ba zai bar sunan da ubansa ya sa masa ba. Jikan nasa ya ce tsananin nan bai bar gidansu ba daga baya. Wanda ya tashi da irin wannan tarbiyya ba zai ɗauki sunan ƙungiya abin wasa ba, ko da ƙungiyar ta wasa ce.

ZAMANIN DA WASA BA SHI DA ƘUNGIYA

Kwaikwayo tsohon abu ne a ƙasar Hausa, amma ƙungiya mai suna da shugaba da ma'aji sabuwa ce. Yaran da ke fita tashe idan azumi ya kai kwana goma ba su da suna na ƙungiya. Wasan ne yake da suna: Tsoho da Gemu, Jatau Mai Magani, Mairama da Daudu, Macukule. Idan suka tsaya a ƙofar gida ba a tambayar su wane ne, sai dai a ce 'yan gidan wane ne, ko yaran unguwa kaza. Haka wasan gauta da matan fada ke yi, inda mace za ta yi shigar sarki ta kwaikwayi maganarsa da tafiyarsa a gabansa, ya ga kansa da idonsa. Haka kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da samari ke naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan doka na wasa. 'Yan kama su ma, masu kwaikwayon malamai suna jan baƙi a kan tuwo da miya, da sana'arsu aka san su.

Dalili a fili yake. Duk waɗannan wasanni a gida ake yin su, gaban mutanen da suka san mai wasa tun yana goye. Buƙatar suna takan taso ne ranar da ɗan wasa ya tsaya gaban wanda bai san ubansa ba. Makaranta da rediyo da mota su suka kawo wannan rana.

KANO: UNGUWA, KIRARI DA KARIN MAGANA

A shekarun 1930 Baturen nan na hukumar fassara ta Zariya, R. M. East, ya fitar da littafin wasanni shida na Hausa domin makarantu. Malam Aminu Kano tun yana matashi ya rubuta wasanni masu sukar cuta da zalunci. Daga baya Abubakar Tunau ya fito da Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi kuma ya fito da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960. Da talabijin ya zo sai sunan ɗan wasa ya rinjayi komai. Kowa ya san Samanja, sunan da Usman Baba Pategi ya ɗauko daga muƙamin soja, ya yi ta barkwanci da Hausar bariki, irin wadda kakanninmu da suka yi ɗamara a nan Gana suka sani sarai. Mutumin Nufe ne, amma da Hausa ya yi suna. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A cikin birnin Kano samari suka riƙa kafa ƙungiyoyin wasa a unguwanni. Wasu suka ɗauki sunan unguwa, kamar ƙungiyar Gyaranya. Wasu suka ɗauki abin da ya fi unguwa faɗi. A 1979 aka kafa Tumbin Giwa, wadda ta ɗauko sunanta daga kirarin Kano kanta. Tumbin giwa wuri ne da ke haɗiye komai, kowa ya zo da kayansa ya sami masauki. Da jin sunan Bakano ya san tasa ce, wanda ba Bakano ba kuma bai ji an kore shi ba. Wannan ƙungiya ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, labarin Aminu Hassan Yakasai, wanda Salisu Galadanci ya ba da umarni, kuma shi ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka kai kasuwa. Sunan da samari suka zaɓa a 1979 ga shi har yau ana ambatonsa duk lokacin da aka zo tarihin fim ɗin Hausa.

Marubutan Kano na wancan lokaci, waɗanda da yawansu suka shiga fim daga baya, karin magana suka nufa. Ƙungiyar su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu ta kira kanta Raina Kama. Duk Bahaushe ya san ƙarashen maganar: ka ga gayya. Masana na jami'a suna yi wa littattafansu kallon na kasuwa, su kuma suka mayar da martani da kalma biyu, ba tare da sun zagi kowa ba. Wata ƙungiyar ta kira kanta Kukan Kurciya, wanda jawabi ne ga mai hankali. Akwai kuma Jigon Hausa. Hikimar da ke cikin irin wannan suna ita ce rabinsa kawai ake faɗa, mai ji ya ƙarasa da kansa. Wanda ya ƙarasa maka magana kuwa ya riga ya shigo cikin zancenka.

Sai kuma a 1999 Sunusi Shehu na mujallar Tauraruwa ya ƙirƙiro kalmar Kannywood, bisa salon sunan masana'antar fim ta Amurka da ta Indiya. Sunan ya kama, ya zagaya duniya, ba mai musun haka. Amma ga abin lura: duk wanda ya ji shi, wani wuri yake fara tunawa kafin ya tuna Kano. Rigar aro takan yi kyau a jiki, sai dai kowa ya san mai ita.

KUDANCIN GANA: DAGA AXIM ZUWA ABIBIGROMMA

Mu a nan ba Kano kaɗai muke kallo ba. Ƙasar da muke ciki tana da nata tarihin, kuma darasinsa ya fi kusa da mu.

Wasan da ake kira konsat ya faro ne a garuruwan bakin teku, Sekondi da maƙwabtanta, a zamanin Turawa. Masu yin sa na farko kwaikwayon 'yan wasan Amurka suke yi, da waƙoƙin Turanci da shigar Turanci, sunayen ƙungiyoyinsu ma na Turanci ne. Bob Johnson, wanda ake ɗauka uban wannan sana'a, ya fara da ƙungiya mai suna Versatile Eight, ya yi wata mai suna Two Bobs, sannan a tsakiyar shekarun 1930 ya shiga Axim Trio, wadda ta ɗauki sunan garin Axim. Sun zagaya ƙasa, sun kai har Nijeriya, kuma da guguwar neman 'yanci ta taso sun yi wasanni na goyon bayan Kwame Nkrumah.

A 1952 mawaƙin nan E. K. Nyame ya kafa Akan Trio. Kalma ɗaya ce ta bambanta sunan da na Axim Trio, amma abin da ke bayanta babba ne. Ya haɗa makaɗan jita da 'yan wasa wuri ɗaya, ya kuma mayar da wasan gaba ɗaya cikin harshen Akan. Manomin koko da 'yar kasuwa suka ji ana magana da bakinsu, sai suka cika wurin kallo. Bayansa ƙungiyoyi suka yi ta ɓullowa suna bin wannan hanya. Sunan alkawari ne ya ɗauka game da harshen da zai yi magana da shi, kuma ya cika.

Bayan shekara biyu, a 1954, Y. B. Bampoe da abokansa suka kafa Jaguar Jokers. A lokacin, kalmar jagwa ita ce ta yayi a bakin samari, ana nufin ɗan gaye mai zamani. Ƙungiyar ta daɗe, ta yi suna ƙwarai, amma kalmar ta tsufa ta bar su. Yaron yau sai an yi masa bayani kafin ya gane abin da suka nufa. Samarinmu masu son sunan yayi su dubi wannan.

Efua Sutherland, 'yar Cape Coast wadda ta rasu a 1996, ita ta ɗauki maganar suna ta mayar da ita ilimi. Ita ta kafa gidan wasan Ghana Drama Studio a Ankara, wanda aka buɗe a 1961. Ta dubi tatsuniyoyin Ananse, wanda shi ne Gizonmu da wayonsa da haɗamarsa, ta ce daga nan wasan ƙasar nan zai tsiro, ta kira salon Anansegoro, wato wasan Gizo. A 1968 ta kafa ƙungiya mai yawo gari-gari tana wasa da harshen Akan, ta sa mata Kusum Agoromba, 'yan wasan al'ada.

Wanda ya ɗora a kan aikinta Musulmi ne ɗan Kumasi, Mohammed ben Abdallah, marubucin wasan shari'ar Malam Ilya, wanda ya riƙe muƙamai a gwamnati a shekarun 1980. Shi ya ga cewa Gizo na Akan bai isa ya ɗauki dukan Gana ba, balle Afirka. Ya faɗaɗa salon ya kira shi Abibigoro, wasan baƙar fata. Ƙungiyar da aka kafa a Jami'ar Gana ta Legon a 1983, wadda yana cikin waɗanda suka assasa ta, aka sa mata Abibigromma, 'yan wasan ƙasar baƙar fata. Da aka gina babban gidan wasa na ƙasa a Ankara, wanda aka kammala a 1992, sunan ya shiga can ma. Ku duba tafiyar: daga sunan aro zuwa sunan gari, daga gari zuwa ƙabila, daga ƙabila zuwa inuwar da kowa zai shiga. Kuma da harshen gida aka yi wannan faɗaɗawa, ba a koma Turanci ba.

SUNAYENMU DA KAYAN DA KE KANSU

To, mu fa? Idan samarinmu suka ce za su ɗauki sunan wuri, wane wuri ne a cikin namu ba ya ɗauke da kaya?

Mu fara da Salaga. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Gwanja tun zamanin sarakunan ƙarni na 15, kuma a ƙarni na 19 Salaga ce babbar kasuwar goro. Ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da fatu, ya ratsa Gurma, ya biyo ta Sansanne Mango da Yendi, ya yi watanni a hanya. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya da masauki, uban dawaki yana kula da biyan kuɗin fito ga sarakunan da aka ratsa ƙasarsu. Inda aka sauke kaya aka kwana shi ne zango. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874 ikon Asante a kan Salaga ya karye, cinikin goro ya fara komawa Kintampo da wasu wurare, sannan yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin. Cikin waɗanda suka bar shi akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Krachi ya zama limami har ya rasu a 1934. Ya bar waƙoƙi na Hausa da na Larabci, da rubuce-rubuce a kan ƙasar Hausa da zuwan Nasara. Duk wanda ke rubutu da Hausa a Gana jikansa ne a wannan fage.

Wannan abin alfahari ne. Sai dai kasuwar da aka sayar da goro, a cikinta aka sayar da mutane. Rijiyoyin Salaga suna nan, wurin kasuwar bayi yana nan, baƙi daga Amurka suna zuwa su tsaya a kai suna kuka. Da yawa daga waɗanda aka sayar daga arewacin nan aka kamo su, daga cikin kakannin mutanen da muke cin kasuwa ɗaya da su yau. Kabarin Babatu, jagoran mayaƙan Zabarma da suka addabi ƙasar Gurunsi, yana Yendi. Wanda ya sa wa ƙungiyarsa Salaga ko Madugu ko Ayari, ya sani cewa abin da kunnensa ya ji daban, abin da kunnen maƙwabcinsa zai ji daban. Ban ce a guje wa wannan tarihi ba. A gaskiya ina fata wata rana samarin nan su hau dandali su nuna shi yadda yake, da daɗinsa da ɗacinsa. Amma abin da za a nuna a wasa guda daban yake da abin da za a ɗinka a goshin riga a yi ta yawo da shi.

Kalmar zango ita ma tana da nata. Muna son ta, ita ce gidanmu. Amma asalin ma'anarta masaukin matafiyi, wanda zai ɗaura kaya gobe. Dattawanmu ba su manta da Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba da umarnin korar baƙi marasa takarda cikin mako biyu, aka ga motoci cike da mutanen zango, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Wanda kakan kakansa ke kwance a maƙabartar Bawku ba matafiyi ba ne. Ya kamata mu yi tunani kafin mu ɗauki sunan da zai taimaka wa mai cewa mu baƙi ne.

Sai Kulungugu kanta. Ran 1 ga Agusta 1962 Shugaba Nkrumah yana dawowa daga Tenkodogo, inda ya gana da Shugaba Maurice Yaméogo na Volta ta Sama, Burkina Faso ta yau. Ya tsaya a garin nan don gaisawa da 'yan makaranta da jama'a, aka jefa gurneti. An yi asarar rai, mutane da yawa sun ji rauni, shi kansa an kai shi asibitin Bawku aka cire masa ɓaraguzai. Aka kama manyan na kusa da shi, Tawia Adamafio da Ako Adjei da Cofie Crabbe. Kotu ta wanke su a Disamban 1963, Nkrumah ya tuɓe alƙalin alƙalai Arku Korsah, a 1964 kuma ƙasa ta koma jam'iyya ɗaya. Tun daga ranar, duk ɗan Gana da ya ji Kulungugu bam yake tunawa. Garin da ke da kasuwa da masallatai da manoman albasa da masu fiton kaya a bakin iyaka, minti ɗaya ya rufe shi. A nan ina ganin hujjar mai cewa a sa sunan gari tana da ƙarfi. Idan ƙungiya ta yi shekara ashirin tana sa mutane dariya da tunani da sunan Kulungugu, watakila jikokinmu su ji sunan su tuna wani abu dabam. Ko ba a sa shi ya zama shi ne sunan ba, ya kamata ya biyo baya: ƙungiya kaza ta Kulungugu.

Game da Bawku da Yendi kuwa, kowa ya san inda ciwon yake, ba sai na taɓa shi da yatsa ba. Rikicin sarautar Bawku ya faro tun ƙarshen shekarun 1950, ya ci rayuka, ya sa mun saba da dokar hana fita har yara suna lissafin lokaci da ita. A Yendi, daga kisan Ya Na Yakubu Andani na biyu a Maris 2002 sai Janairun 2019 aka naɗa sabon Ya Na. A irin waɗannan wurare suna yakan zama tuta ko da mai shi bai nufa ba. Kalmar da ta yi kama da kirarin wani gida, ko dabbar da wani ɓangare ke alfahari da ita, ko launin wata jam'iyya, ta isa ta sa a hana ku filin makaranta, ko iyaye su hana 'ya'yansu zuwa kallo. Wannan ba tsoro ba ne, sanin gari ne.

HAUSA TA WA CE A NAN?

Saura mai cewa dole kalmar Hausa ta fito a sunan. Na fahimce shi. Mu 'yan kaɗan ne a nan, yaranmu suna karatu da Turanci, kuma idan muka je Kano akan yi wa Hausarmu dariya, a ce mun mayar da mace namiji, mun rasa ƙa da ɗa. Mutum yakan so ya daki ƙirji ya ce ga mu nan.

Amma mu dubi kasuwar Bawku ranar da take ci. Bakusashe da Bamamprushe da mutumin Bisa da Bamoshe da Bafulatani, idan ciniki ya haɗa su, sau da yawa da wane harshe suke yi? Da Hausa. Haka yake a tashar mota, haka a bakin iyaka. Tun zamanin da Turawa suka kawo dakarun Hausa yaƙin Asante, harshen ya zama na bariki da na 'yan sanda, ya zama na kowa. Wannan ita ce dukiyarmu a ƙasar nan: harshenmu ya fi yawanmu. A cikin samarin da suka zo wurina ma, biyu iyayensu Bisa ne, ɗaya Bamoshe, kuma wanda ya fi kowa iya kwaikwayon tsohuwar Bahaushiya yana cikinsu. Ku tuna Samanja. Idan aka rubuta Hausa a matsayin ƙabila a kan allo, an ja layi tsakanin waɗannan yara. Idan kuwa sunan kansa kalmar Hausa ce mai daɗi, harshen ya riga ya yi magana, ba sai an yi shela ba. Tumbin Giwa ba ta ce ita ta Hausawa ce ba, kowa ya sani.

SHAWARATA

Ga abin da na faɗa wa samarin. Ku faɗi sunan da ƙarfi a tsakiyar kasuwa, ku ga ko mai shelar gari zai iya ɗaukarsa a lasifika ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Ku ba wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ce ya faɗa, ku ba ma'aikacin ofishin rajista ya rubuta. Idan akwai harafi mai ƙugiya a ciki, ku sani za a rubuta shi ba ƙugiya, don haka ku duba kada ma'anar ta juye ta zama abin kunya. Ku kai shi gaban liman da sarkin zango da iyayenku mata, domin su za su ba da 'ya'yansu mata su hau dandali ko su hana. Ku tambayi abokanku Kusasi da Mamprusi da Bisa ko kalmar tana da wata ma'ana a harshensu. Kada ku sa sunan mutum mai rai, ko da shi ya saya muku lasifika, domin mutum yakan canja, siyasa takan raba. Sannan ku tambayi kanku ko za ku iya faɗin sunan nan kuna da furfura ba ku ji nauyi ba.

Da suka matsa sai na faɗi nawa zaɓin, na ce Jinka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya ga ranar da ake ɗora wa ɗaki jinka: an ɗaure ta a ƙasa, an kira maƙwabta, kowa ya kama gefe, a ɗaga tare da kirari da dariya. Ba a tambayar ƙabilar wanda ya kama ɗaya gefen, domin idan ya saki kan kowa za ta faɗo. Gidan Bakusashe yana da ita, gidan Bahaushe yana da ita. Kalmar gajera ce, ba ƙugiya, kuma rabin karin magana ce irin ta Raina Kama, mai ji zai ƙarasa. Wasan kwaikwayo ma haka yake, mutum ɗaya ba ya yin sa. Ɗaya daga cikinsu ya ce yanzu kowa kwano yake rufi, jinka ta zama ta ƙauye. Na ce gaskiya ne, shi ya sa ma ya kamata wani ya riƙe kalmar kafin ta bi jagwa.

Ba su yanke ba tukuna, kuma ba ni zan yanke musu ba. Uba ke raɗa suna, maƙwabci nasa shawara da cin goro. Abin da na roƙe su shi ne su je su dawo da mutum biyun nan da suka yi fushi kafin a zauna zaman ƙarshe, domin sunan da aka raɗa bayan an rasa ɗan'uwa ya fara da rauni. Dattawan Salaga da Yendi da ke karanta wannan, idan kun san ƙungiyoyin wasa da aka yi a zangonku a da, da sunayensu da dalilin sa su, ku taimaka ku faɗa mana, a rubuta kafin masu sani su ƙare.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sanyaya Bawku, ya yi wa samarinmu jagora.